Fuskar Ɗan Farin Inna Kande

Inna Kande maƙwabciyata ce a unguwar Daressalam. Katanga ɗaya ta raba mu, ita ma gajeruwa ce, in na tsaya shanya ina hango tukunyarta. Sunana Jummai, malamar makaranta ce ni, aiki ya kawo ni Yamai daga Damagaram har na tsufa a nan, kuma duk unguwa Madam ake ce mini. Abin da aka yi wa matar nan bara, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Wasu sun ce in bar zancen tunda ba da mugun nufi aka yi ba. Na sani sarai ba da mugun nufi aka yi ba, amma sanin bai mayar mata da abin da aka raba ta da shi ba.

Mutuniyar Adar ce, daga wani ƙauye bayan Tawa. Mijinta, Malam Abdou, shi ya fara zuwa Yamai a shekarun fari, ya samu aikin ɗan aike a wani biro, wato ofishin gwamnati, yana kai takardu bisa keke. Da ya kama ɗaki sai ya aika ta biyo shi da ƴan kwanukanta da turminta. Ba ta zauna jiran albashinsa ba. Ta dubi abin da mutanen gari ke ci, ta koyi dambu da kwaɗon zogalen nan da Zabarmawa ke kira kopto, ta kafa tebur a ƙofar makarantar da nake koyarwa. Can na fara saninta tun kafin mu zama maƙwabta. Doguwa ce, baƙa, ba ta da yawan dariya. Yaro in ya miƙo hannu da datti sai ta nuna masa buta da bakin ludayi, ba ta ce uffan ba, kuma sai ya wanke zai ci. Zabarmancinta na kasuwa ne, da harshen Adar a ciki, matan unguwa suna tsokanarta tana ramawa. Da teburin nan ta yi wa ƴaƴanta sutura, da shi aka ɗora kwanon ɗakin da take ciki yanzu.

Ta haihu da yawa, wasu sun koma tun suna goye, wasu aure da aiki sun warwatsa su. Biyu ne suka shafi labarin nan, Dauda ɗan farinta da Safiya autarta. Dauda ya isa ya haifi Safiya.

Ƴan yanzu sai an zaunar da su an yi musu bayanin kunyar ɗan fari, su gama ji su taɓe baki. A inda Kande ta tashi, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi, ba ta kallon fuskarsa. Da an yaye shi kakarsa ke ɗauka. Haka aka yi da Dauda, ya girma a ƙauye hannun uwar Kande, sai da ya isa shiga kwaleji aka kawo shi Yamai. Ko Inna ba ya ce mata, Yaya yake cewa, yadda ya ji ƙannenta suna faɗa. Ita kuwa ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Yaron ga" take cewa har ya yi furfura. Akwai wani mai kanti a layinmu, shi ma Dauda, shekara da shekaru tana sayen gishiri wurinsa, amma "mai sunan yaro" take kiransa. Mata da yawa sun sassauta da suka zo birni, Kande ba ta sassauta ko kaɗan ba.

Dauda ya zama malamin lissafi a wata kwaleji a Lamorde, hayin kogi, can kuma yake zaune da iyalinsa. Duk Juma'a in an sauko masallaci zai zo. Tun daga bakin layi yake kashe motonsa, wato babur ɗinsa, ya turo da hannu, kada ƙara ta dame ta. Ya cire takalmi, ya tsuguna a bakin ƙofarta, idonsa a ƙasa.

"Yaya, ina wuni?"

Ita kuma ta ba ƙofa kafaɗa, tana tsince zogale ko tana gyaran abin da ba ya bukatar gyara.

"Lahiya lau. Mutanen gida?"

"Suna gaishe ki."

Iyakar hirar ke nan. Daga nan sai ta ɗaga murya ta kira wanda ke kusa, Safiya in tana nan, ni in ba ta nan. "Madam, hwaɗa ma baƙon ga akwai sauran dambu cikin kwano, in shina ci." Wai sauran dambu! Tun da safe take ware shi kafin ta sayar wa kowa, ta zuba mai sosai, ba barkono, don cikinsa ba ya son yaji. Zai zauna gindin bishiyar bedin tsakar gida ya cinye, ita tana ciki tana sauraren ƙarar cokali. In ya rage ko loma biyu, bayan ya tafi sai ta leƙo ta katanga ta tambaye ni ko na ga alamar ba shi da lafiya.

A nan Mushe ake ce wa malamin boko namiji, yadda ake ce mini Madam. Na taɓa tsokanarsa na ce, "Mushe Dauda, wannan gaisuwa taku kamar ta waɗanda suka yi faɗa." Ya yi dariya har wushiryarsa ta fito, ya ce, "Madam, ni dai na san dambun da ake ba ni ba na sayarwa ba ne." Mutum ne mai sanyi, yana da ɗan tabo a gefen gira, jaki ne ya kayar da shi a ƙauye yana yaro. Bai taɓa ganin an zalunce shi ba, kuma ba a zalunce shi ba.

A ɗakin Kande hoto ɗaya ne rak. Ranar da Dauda ya gama karatun malanta aka ɗauke shi. Malam Abdou ne ya kira mai hoto har gida, ya kafe sai an ɗauke su su uku. Malam yana zaune a tsakiya da babbar riga, Dauda yana tsaye gefensa siriri cikin rigar boko, Kande a ɗaya gefen ta ja mayafi ta kau da kai, rabin fuskarta kawai ya fito. An ce mai hoton ya sha fama kafin Dauda ya ɗago kai, yana ɗagowa kuwa aka ɗauka, don haka fuskarsa ta fito sosai, baki ɗan buɗe kamar wanda aka kira ba zato. Hoton baƙi da fari ne, ya yi ja don tsufa, yana cikin katako da gilashi, rataye a ƙusa daura da gadonta. Bayan Malam ya rasu kowa "hoton Malam" yake ce masa, ita ma haka take faɗa.

Wata rana bayan azahar na shiga aron rariya, ban yi sallama da ƙarfi ba. Na same ta tsaye bakin taga, ta sauke hoton ta kawo shi dab da fuskarta, don a lokacin yanar ido ta fara rufe mata gani. Ba Malam take kallo ba, Malam ma tafin hannunta ya rufe shi. Ta daɗe a haka, ba ta san ina nan ba. Da ta ji motsina sai ta kama gefen zane tana goge gilashin, ta ce, "Ƙura ta yi ma Malam yawa." Na ce ƙwarai, na ɗauki rariyata na fita. Daga baya na lura duk bayan azahar, in gida ya yi shiru, tagarta a buɗe take. A hoton nan kaɗai matar nan take ganin fuskar ɗanta, kuma ba wanda zai ce ta yi rashin kunya, tunda hoton mijinta ne.

Ciwon ƙoda ne ya kama Dauda. Ya kumbura, ya rame, ya sake kumbura. Da aka kwantar da shi a likita, wato asibiti, Kande tana zuwa kullum da kwanon abinci, ta shimfiɗa tabarma a baranda ta zauna har yamma, ta ba matarsa kwanon ta shigar. Da ya yi tsanani ta shiga, ta tsaya wajen ƙafafunsa, ta dubi bango ta ce, "Allah shi ba da lahiya." Ya ce, "Amin, Yaya." Ranar da ya rasu ba ta yi kuka gaban mutane ba. Ta zauna da carbinta tana amsa gaisuwa, wanda ya ce mata ta yi haƙuri ta ce haƙuri ya zama dole.

Safiya ce abin ya tsaya wa a rai. Tana aure a unguwar Kwara Kano, gida mai bene, tana aiki a wata ƙungiya, da motarta. Yarinya ce mai kirki, mai saurin kuka, mai saurin yanke hukunci. Ita auta ce, a cinyar Kande ta girma, duk rarrashin da ba a yi wa Dauda ba ita ta sha shi, don haka a ganinta rowa aka yi wa yayanta. Ranar rasuwar ta ja ni bayan madafa tana shessheƙa, ta ce, "Madam, ya mutu bai taɓa jin hannun uwarsa a kansa ba. Ko a likita ba ta taɓa shi ba. Wace irin zuciya ce da Inna?" Na ce mata, "Ke ba ki san komai ba, share hawayenki." Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan, don abin da na gani bakin taga ba nawa ba ne da zan ba da labarinsa.

Ana shirin sadakar arba'in sai ga Safiya ta shigo ɗakin uwarta, ta miƙa hannu ta sauke hoton.

"Inna, zan kai a canza masa katako, ya tsufa."

"Bar shi nan. Hoton Malam na, ba shi son komi."

"Ba zai daɗe ba, Inna. Sai kin ma yi mamaki."

Ta jefa shi cikin jaka ta fita. Kande ta bi jakar da ido. Me za ta ce? In ta matsa, an gane ba don Malam take yi ba. A bangon sai ƙusa ta rage, da wurin da hoton ya tare, ya fi sauran bangon haske.

Ashe Safiya ta ga abin da ake yayi ne a salula, wanda ƴan boko ke kira ƙirƙirarriyar basira. A ba na'ura tsohon hoto, a gaya mata abin da ake so, sai mutanen ciki su motsa, su yi murmushi, su rungumi juna. Mutane suna ta da iyayensu da kakanninsu suna aika wa dangi, kowa yana cewa Allahu akbar. Safiya ta ƙudura za ta ba yayanta abin da take gani an hana shi.

Ranar sadakar maza suna rumfa a waje, mata mun cika tsakar gida. Har da tsofaffin Adar da suka zo daga ƙauye, ƙawayen Kande na ƙuruciya. An gama addu'a, an raba sadaka, sai aka fito da wata ƙatuwar tele da Safiya ta kawo daga gidanta. Ta ce, "Fami, ƴan uwa, ku yi haƙuri, ina da ɗan kado, wata ƴar kyauta, don Inna." Saboda idonta aka kawo wa Kande kujera gaba, dab da telen, mata kuma suka yi mata zobe.

Hoton ya fito, an saka masa launi. Na gane babbar rigar Malam. Can sai Malam ya ƙifta ido, mata suka ɗauki salati. Sai saurayin da ke gefensa ya juyo da kai ya washe baki, haƙora jere reras, farare tas, ba wushirya, goshi sumul ba tabo. Sai matar da ke ɗaya gefen ta juyo, mayafinta ya zame, ga wata fuska mai fara'a wadda ban taɓa gani ba a duniya. Ta zagaya bayan Malam, ta kama fuskar saurayin da hannu biyu, ta dube shi cikin ido, ta sumbaci goshinsa, ta jawo shi ƙirjinta. Abin ya ƙare ya sake farawa, ta sake juyowa, ta sake rungumarsa.

Ƴan mata suka fashe da kuka, salula ta tashi sama ko'ina ana ɗauka. Tsofaffin Adar kuwa suka rufe baki da mayafi. Wata a cikinsu, wadda ba ta san na'ura ba ce, ta ce da ƙarfi, "Subahanalillahi! Kande, yaushe kinka yi wanga?" Wasu suka yi dariya cikin hawaye. Ni Kande nake kallo. An zaunar da ita inda ba ta da wurin kau da kai. Tunda ta haifi yaron nan ba ta taɓa kallon fuskarsa gaban mutane ba sai ranar, kuma fuskar ba tasa ba ce. Ta dafa kujera ta tashi, ta ce, "Ku kashe," ta shige ɗaki ta ja labule. Safiya ta share ido ta ce wa ta kusa da ita, "Kin gani ko? Ya taɓa ta."

Kafin dangi su watse bidiyon ya riga su fita. Ya shiga gurup ɗin dangi, ya shiga na unguwa, ya shiga na malaman makarantar Dauda, wani ya ɗora masa waƙa, wani ya rubuta a ƙasa wai soyayyar uwa ba ta mutuwa. Har Damagaram aka aiko mini shi, ana tambayata ko na san matar. Kande in ta fito ƙofar gida da ɗan dambunta sai wata ta tsaya ta ce, "Inna, mun ga bidiyonku, wallahi na yi kuka." A ƙauye kuwa labarin da ya je shi ne Kande ta zama ƴar birni, har hoto aka ɗauke ta tana sumbatar ɗan farinta. Matar da ta yi sama da shekara hamsin tana riƙe da kunyarta, duk wuyar da ke ciki, aka wayi gari duniya tana yaba mata a kan abin da ba ta yi ba kuma ba za ta taɓa yi ba. Ta ɗauke teburinta ta daina fitowa.

Abin kunyar ta shanye shi. Hotonta take jira. Sai ga Safiya da wani babba, mai launi, cikin katako mai ruwan zinariya. Ina nan aka kawo shi. Kande ta karɓa, ta je bakin taga, ta kawo shi dab da ido, ta daɗe.

"Wane na wanga?"

"Yaya Dauda ne mana, Inna. An gyara shi ne."

"Ina nawa?"

"Ai wannan ya fi kyau, wancan duk ya lalace."

"Ina nawa, Safiya?"

Safiya ta yi ta kame-kame, wai yana wurin mai gyara, wai za ta amso in ta samu lokaci. Da ta tafi Kande ta tura sabon hoton ƙarƙashin gado. Washegari ta leƙo ta katanga. Tun zamanmu ba ta taɓa roƙona komai ba, ko ashana. Ta ce, "Madam, don Allah ki amso mani hoton Malam."

Na tambayi Safiya kwatance, na shiga taksi na haye gada zuwa Lamorde. Shagon yana kusa da jami'a, irin waɗanda ake buga wa ɗalibai takardu. Mai shi Salim ne, magidanci mai gemu, ya karɓe ni da mutunci. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai fuskarsa ta canza. Ya ce, "Madam, Mushe Dauda malamina ne, shi ya koya mini lissafi. Wallahi don shi na yi aikin nan, na zauna na yi shi da kyau."

Na ce, "Na ji. Ina na asalin?"

Ya buɗe durowa ya fito da shi, ba katako ba gilashi. Malam yana nan zaune da babbar rigarsa. Kande tana nan ta kau da kai. Rigar bokon Dauda tana nan har wuya. Daga wuya zuwa sama farar takarda ce kawai.

Ya yi mini bayani yana sosa ƙeya. Da farko ya so ya ɗauki hoton da salula ta cikin gilashi, haske ya hana, sai ya buɗe katakon. Tsohon hoto in ya daɗe cikin zafi da damshin damina manne wa gilashi yake yi, shi bai sani ba, da hotunan salula ya saba. Yana ja sai fuskar ta tsaya jikin gilashin. Wajen nan ne ya fi mannewa, ya ce bai san dalili ba. Ni na yi tunanin numfashin da ya daɗe yana sauka a wajen.

"To, gilashin fa?"

"Na kankare da reza na wanke, na sa wa wani hoto. Amma Madam, ba matsala, aplikasiyon ɗin na'urar ta cike fuskar. Ta ma fi ta da fitowa."

Na ce ya buɗe mini bidiyon. Ya buɗe. Na ce, "Kai da ka zauna gabansa a aji, dubi nan ka gaya mini tsakaninka da Allah, malaminka ne wannan?" Ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Kusan shi ne." Na so in zage shi. Me zagi zai yi? Shi yana ganin ya yi wa malaminsa hidima, Safiya tana ganin ta yi wa yayanta gata, kowa zuciyarsa fara tas, tsohuwa kuwa an bar ta da takarda mai rami.

A hanyar dawowa na yi ta shawara ko in ce ya ɓace. Na ga ƙarya ta isa haka a kan matar nan. Na miƙa mata. Ta kai bakin taga, ta kawo dab da ido, sannan ta sa yatsa tana shafa farin wurin a hankali, tana bin gefen da ya yage. Ba ta tambaye ni yadda aka yi ba. Ta ce, "Sannu da hanya, Madam."

Na ce ai akwai wasu hotunan. Na bi Safiya, na bi abokan aikinsa, na tara abin da na samu a salulata. Dauda ba mai son hoto ba ne, yawanci yana can baya cikin taro da tabarau, sauran kuma na lokacin ciwo ne, fuska a kumbure. Na kai mata, na ce hotunan taron makaranta ne, ko za ta ga mutane. Ta karɓa don kada ta kunyata ni. Hasken salular ya sa idonta ruwa, mutanen ciki ƙanana, ba ta iya raba wani da wani. Ta mayar mini.

Safiya ta gane daga baya, ta zo ta durƙusa tana kuka tana neman gafara. Kande ta shafa kanta ta ce ba komi, ita ai auta ce. An goge bidiyon daga gurup ɗin dangi, kamar wannan zai hana shi yawo.

Bayan damina, wata Juma'a da aka sauko masallaci, lokacin da ya saba turo motonsa, ta kira ni ta katanga. Na same ta zaune bakin gado da yagaggen hoton a cinya. Ta rame ƙwarai. Ta ce in zauna.

"Madam, da can in na ruhe ido ina ganin yaron ga. Yanzu in na ruhe, wancan na tele ka zuwa, shina ta yi mani dariya. Na kore shi, ba shi tahiya."

Na ce sai addu'a, Inna.

"Ke kin dube shi ido da ido, shekara da shekaru. Kowa ya dube shi. Hwaɗa mani yadda huskarshi take."

Uwar da ta haife shi ce take tambayar maƙwabciya kamannin ɗanta. Na fara. Na ce yana da wushirya. Ta ce wannan ta sani, irin ta Malam ce. Na ce idanunsa ƙanana ne, hancinsa irin nata. Ta ce in yi a hankali. Ta rufe ido tana saurare, yatsanta a kan farin wurin. Na ce akwai tabon jaki a gefen girarsa.

"Wane gehe? Hagu ko dama?"

Na buɗe baki. Ni ma na kalli bidiyon nan ba sau ɗaya ba, a gidan sadaka, a shagon Salim, a salular duk wanda ya tare ni. Na nemi fuskar Dauda a kaina, sai ga goshin nan sumul da haƙoran nan farare. Na ce, "Hagu."

"Kin tabbata?"

Na dubi farin wurin da yatsanta ke kai. Ba ta sake tambaya ba.

Ta tashi da ƙyar, ta huda saman takardar, ta maƙala ta a tsohuwar ƙusar, ba katako ba gilashi. Can take har yau. Bayan azahar in gida ya yi shiru, ina ganin tagarta a buɗe. Kwanan baya wata baƙuwa daga Maraɗi ta shiga gaishe ta, ta ga hoton, ta ce, "Inna, wannan ai ya lalace, me kike yi da shi a bango?"

Kande ta ce, "Hoton Malam na."